Doña Loya Ta Farke Jirgin Ubanta

A Chabihau, ƙauyenmu na masunta a bakin teku, babu wanda bai san jirgin Eulogia Canché ba, domin kullum shi ne na ƙarshen isa wurin su, kuma shi ne na ƙarshen dawowa. Sunan da ke rubuce a bangonsa na baya Chabela ne, sunan mahaifiyarta, amma an fi shekara ashirin ba mai kiransa haka in ba ita ba. Saniya ake ce masa. In ya taso daga gaɓa sai ya nutsa baya ya ɗaga hanci, inji na ta kururuwa, shi kuwa yana jan jiki. Masu zaman rumfar sikeli sukan ce in ka hango Saniya ta shigo, tattara ka tafi gida, wuni ya ƙare.

Ita kanta Eulogia, wadda kowa ke ce wa Doña Loya, gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, shekarunta hamsin da takwas, kuma bakinta ba ya jiran a gama magana. Mahaifinta Don Casiano bai samu ɗa namiji ba, shi kuwa ba mai zaman jira ba ne, sai ya ɗauki wadda ta fi taurin kai cikin 'ya'yansa mata ya sa ta a jirgi. A hannunsa ta koyi kafa dogayen gorori gaba da baya, da ɗaura ƙaguwa a bakin zare ba tare da ƙugiya ba, da sakin jirgi iska ta riƙa tura shi a karkace har pulpo, dabbar tekun nan mai hannuwa takwas, ya rungumi ƙaguwar ya ƙi saki. Don Casiano yana cikin na farkon da suka ajiye jirgin katako suka sayi na faiba. Ranar da aka kawo shi, da kansa ya tsuguna da shuɗin fenti ya rubuta sunan matarsa a baya, haruffan duk sun jingina gefe guda, kuma bai yarda kowa ya gyara su ba har ya mutu.

Ta yi aure, mijin ya tafi aikin gini Cancún ya manta hanyar gida. Ba ta bi sawunsa ba. Da pulpo ta raini 'yarta Marbella har ta zama ma'aikaciyar jinya a Mérida. Abin da ya tsaya mata a rai duk tsawon shekarun nan ba mijin ba ne, ranar da ubanta ya bar teku ne. Ya dawo da yamma, jirage duk sun riga shi, an wanke sikeli an rataye, wasu ma sun yi wanka sun fito. Ya ɗaure jirgin, ya miƙa mata igiya ya ce, "Riƙe, Loya. Ni da Chabela mun tsufa." Shekarunsa sittin da ɗaya a lokacin, yana iya ɗaga gangar fetur shi kaɗai. Shekara tara ya yi a ragar kwana yana kallon rufin ɗaki kafin Allah ya ɗauke shi.

To, mu mutanen gaɓar nan muna da wata ɗabi'a, kuma ba zan ɓoye ta ba don tamu ce. Ranar ɗaya ga Agusta ake buɗe kamun pulpo, abincin shekara kuma cikin watannin nan yake. Sai watan Yuni ya kama, damina ta sauka, sannan kowa ke tuna daɓen jirginsa yana lotsawa. Ba lokacin farkewa, ba ranar da za ta busar da katako. Sai a kira mai faiba ya shimfiɗa sabon allo bisa ruɓaɓɓen, ya lulluɓe da ƙyallen faiba, ya malala ƙaro, ya shafa fenti. Shafe muke ce wa wannan. Kwana uku an gama, jirgi na ƙyalli, kowa ya ce madalla. Abin da ke ƙarƙashi kuwa ba mai tambaya.

Ƙungiyar masunta tana da nata gwaji kafin a buɗe teku. Ana jera jirage a bakin gaɓa, a ɗaga ƙafar inji, mutumin da ya fi kowa nauyi ya hau kanta ya yi rawa. In bangon bayan da ke riƙe da injin ya motsa, jirgi ya faɗi, gurbinsa a takardar izinin ƙungiya sai a ba wani, ga samari masu sababbin jirage nan a layi suna jira. Shekara goma sha biyar ke nan ba a samu wanda ya fi shugaban ƙungiyar nauyi ba, Don Nicanor Dzul, wanda ya riƙe Marbella a coci ranar baftisma, shi ya sa shi da Doña Loya suke compadre da comadre.

A ƙarshen Yunin bana Don Nicanor ya ɗora ƙafa ɗaya kan injin Chabela, bai ma kai ga ɗora ta biyun ba, bangon ya sunkuyo baya. Wani baƙin ruwa mai wari ya tsattsafo daga ramukan noti ya gangaro ta kan sunan.

"Kai, Saniya na fitsari!" in ji wani daga rumfar sikeli. Aka bushe da dariya.

Don Nicanor bai yi dariya ba. Ya sauko, ya goge hannu a wando ya ce za a sake gwaji ranar talatin ga Yuli. Da la'asar ya sami Doña Loya a ɗakin girkinta, ya zauna kan benci, bencin ya yi ƙara.

"Comadre, ji nan. Kira Wilberth mai faiba ya yi wa Chabela shafe. Ranar gwaji zan taka a hankali, kamar mai taka ƙwai. Ba wanda zai ce uffan. Gurbin Don Casiano ne, ba zan so a ce a hannuna ya fita daga gidan nan ba."

"A hankali za ka taka?"

"A hankali."

"To teku fa, compadre? Ka yi magana da ita? Ita ma a hankali za ta taka?"

"Haba, comadre, taimakonki nake."

"Na gani. Sadaka ka kawo mini har gida. Sha kofinka ka tashi kafin ka karya mini benci. Ranar talatin ka ci ka ƙoshi, ka zo da duk tumbin nan, kada ka bar rabi a gida."

Ya fita yana girgiza kai. Ita kuwa ranta ya ɓaci sosai, ba don dariyar rumfar sikeli ba, wannan ta saba. Tausayin ne ya ƙona ta.

Washegari ta je wurin Wilberth Uc, mai gyaran faiba, siriri mai jajayen idanu saboda ƙurar aiki. Ya zo ya zagaya jirgin yana ƙwanƙwasa bangon da gindin sukundireba. Ko'ina sautin a mace yake.

"Doña, kwana uku na shafe miki ita."

"Ba shafe nake so ba, maestro. Farkewa za a yi, har ƙashi."

"A watan Yuli? Jirgi bakwai ke jirana. In ma farkewar ce, ta waje ake yanka bangon, a ɓamɓare fatar, a kwashe, a mayar da sabuwa. Ya fi sauri."

"Sunan fa?"

"Sai in rubuta miki wani. Miƙaƙƙe ma, ba wannan da ya sha giya ba."

"Hannunka ya taɓa haruffan nan, sai dai a rubuta naka sunan a kan kabari. Ta ciki za a shiga."

"Ta ciki aikin wata biyu ne, Doña. Ni dai ba da ni ba."

"Wa ya ce da kai? Ara mini injin yanka ka kama gabanka."

Ta sayar da aladunta biyu, ta hau mota zuwa Progreso ta dawo da allunan katakon da ba ya jin ruwa, da nadin ƙyallen faiba, da garwar ƙaro. Maƙwabta suka taya ta jawo jirgin bisa gungumen kwakwa har tsakar gidanta. Ta ɗaure hanci da tsohon ɗankwali, ta sa injin yankan a daɓen jirgin ubanta.

Daɓe huɗu ta tarar, ɗaya bisa ɗaya. Na sama nata ne, ita ta sa aka yi shi shekara shida da suka wuce, ba ta manta ba. Na ƙarƙashinsa ma nata ne. Na ukun kore ne, koren fentin da Don Casiano yake so, ta gane shi tun kafin ta share ƙurar. Da ta huda shi sai ruwa ya yi tsiri. Ba ɗan ruwa ba, ruwa ne da ya shekara ashirin da wani abu a kulle, baƙi ƙirin, warinsa ya kori kajin gidan. Soson da aka cusa tun daga masana'anta don ya hana jirgi nutsewa ya sha ya ƙoshi, gutsure kamar bulo ɗaya sai da hannu biyu take ɗaga shi. Haƙarƙarin katakon da ke riƙe da daɓen kuwa da yatsa take kwasarsa.

Ta zauna a gefen jirgin, ƙafafunta cikin ruwan. A nan ta ga ramin magudanar ruwa na asali, can ƙasan bangon baya, an toshe shi da ƙaro an bi da koren fenti. Mai shafen farko ya rufe shi don aikin ya yi sumul, ubanta yana tsaye yana kallo, ƙila ma har ya yaba. Tun daga wannan shekarar duk ɗigon da ya shiga bai sake fita ba.

Baro goma sha uku ta kwashe. Ba ta kai bayan gari ba, a ƙofar gidanta ta jibge, bakin hanyar da kowa ke bi zuwa gaɓa. Masu wucewa suka riƙa toshe hanci.

"Doña Loya, wannan fa? Gawar Saniyar ce?"

"Cikin jirginka ne, ɗan nan. Tsaya ka kalla da kyau, yau ka gan shi kyauta."

Bangon bayan ya fi cin rai. Ta yanke fatar ciki, ta bi ruɓaɓɓen katakon da kurfi da guduma, ɗan kaɗan ɗan kaɗan, don kada ta huda fatar waje mai ɗauke da sunan. Da ta gama, fatar ta rage siririya har hasken rana na ratsa ta, tana ganin inuwar haruffan daga ciki. Ƙurar faiba ta shiga mata ko'ina. Ƙaiƙayi ya hana ta sakat, hannuwanta suka yi ja suka kumbura, ba ta iya murɗa tortiya, wainar masararmu, sai maƙwabciya ke miƙo mata. Marbella ta kira daga Mérida ta ce ta bari haka nan, ga ɗaki ta gyara mata, ta zo ta huta.

"In huta in yi me? Kallon rufin ɗaki? An yi wannan a gidanmu sau ɗaya, ya isa."

Ta yanka kwali daidai siffar bangon, ta ɗora kan allo biyu ta fitar, ta manne su, ta shafe su da ƙaro gaba da baya har bakin gefe, ta zura, ta matse da sanduna da noti. Wannan ya kama. Sai ranar sha huɗu ga wata ta yi kuskurenta. Ta ga rana ta fito, ta shimfiɗa ƙyalle ninki uku a kan sabon bangon, tana cikin birgima abin matsewa hadari ya taso daga kudu. Ta ja tamfol ta rufe, amma laima ta riga ta shiga. Kwana biyu ƙaron bai daskare ba, ya yi fari-fari yana danƙo kamar alewa.

Wilberth ya biyo ta hanyar, wai wucewa yake. Ya dangwala yatsa ya duba.

"Ya mutu, Doña. Amma in kika ɗora wani a kai, ba mai ganewa."

Ta harare shi. Ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Na janye, na janye."

Kwana huɗu ta yi tana ɓamɓare aikin hannunta. Ta yi kuka a rana ta biyu, kukan haushi, tana yi tana zagin hadarin da kanta. Saura kwana goma, ruwa kuma kullum bayan azahar sai ya sauka. Ta tsaya tsakar gida tana duban jirgin, tana duban ɗakin girkinta mai rufin ganyen dabino da bangon sanduna, wanda Don Casiano ya kafa da hannunsa. Ta shiga ta ɗauko adda.

Kafin rana ta take, bangon ɗakin girkin na gabas yana ƙasa. Ta fitar da tukwane da benci, ta kira maƙwabta suka turo jirgin da baya har rabinsa ya shige ƙarƙashin rufi, kusa da murhu. Ta hura gawayi ta bar shi yana ci a hankali don ya kori laima. Garin ya ɗauka: Loya ta zare, ta rushe gida ta shigar da Saniya kicin. Mata suka riƙa leƙowa ta kan shinge. Ita kuwa a gindin bishiyar lemo take girki da duwatsu uku, in ruwa ya sauko ta ci da ruwan.

Daga ranar Wilberth ya riƙa zuwa kowace safiya, wai inuwa yake sha. Bai taɓa aikin ba, ita ma ba ta ce ya taɓa ba. Yana zaune kan bokiti yana sa baki.

"Ɗigon maganin daskarar da ƙaron ya yi yawa, zai daskare miki a kwano. Rage biyu."

"Wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa. Ga kumfa can a kusurwa, matse ta."

Sai ta matse. Ta kafa sababbin haƙarƙari ta lulluɓe kowanne. Ta shimfiɗa daɓe guda ɗaya tak. Ramukan notin inji ta huda su da faɗi, ta cika da ƙaro, ya daskare, ta sake hudawa a tsakiya, yadda ruwa ba zai taɓa ganin katako ba. Na ƙarshe, ta buɗe magudanar nan da aka toshe, ta sa mata marfi. Ba ta yi fenti ba, lokaci bai bari ba.

Ranar talatin aka jera jirage. Sauran duk suna ƙyalli, Chabela kuwa cikinta launin ƙaro, ɗanye, kamar ba a gama ba. Mutum huɗu suka turo ta, ɗayansu ya kusa kifewa don ya sa ƙarfin da ya saba, ita kuwa nauyin nan babu shi yanzu. Don Nicanor ya zo ya ɗora ƙafa a hankali, ya ɗan lotsa, ya ce, "Ta yi."

"Ba ta yi ba," in ji Doña Loya da ƙarfi, yadda na rumfar sikeli za su ji. "Wannan taka ƙwai ne. Hau da ƙafa biyu, compadre."

"Comadre..."

"Hau! Ko ka manta yadda ake yi? Yi tsalle. Ba a sadaka na gaji gurbin nan ba."

Ya hau. Ya yi rawa, bangon bai motsa ba. Ya yi tsalle, gaban jirgin ya ɗaga sama gaba ɗaya ya dawo ya bugi yashi, bangon yana nan yadda yake. Ta kira Wilberth ta ce shi ma ya hau, ya hau ya riƙe ƙugun shugaba, suka yi ta tsalle su biyu har Don Nicanor ya roƙi a bar shi ya sauka. Ba ɗigo ɗaya da ya fito. Babu wanda ya yi dariya wannan karon, wasu ma sun koma suna satar kallon nasu jiragen.

"Rubuta a takardar izini," ta ce wa Don Nicanor. "Chabela. Ba Saniya ba."

Ranar ɗaya ga Agusta, gari na wayewa, jirage suka taso tare, gorori na rawa gaba da baya. Doña Loya ta murɗa mai kamar yadda ta saba, tana jiran bayan ya nutse. Bai nutse ba. Jirgin ya ɗago, ya kwanta bisa fuskar ruwa ya zura, har sai da ta dafe gefe da hannu ɗaya. Tsohon injin nan dai, wanda aka sha zagi. Ta wuce samarin masu sababbin jirage, ta wuce Don Nicanor yana ɗaga mata hula, ba ta waiwaya ba.

Ita ta fara isa. Ta kashe inji, shiru ya sauka, ba kowa gabanta sai ruwa. Rabonta da ganin wurin nan babu jirgi ko ɗaya tun tana yarinya, ubanta na riƙe da inji. Ta yi zaton daɗi za ta ji. Abin da ya taso mata baƙin ciki ne da fushi, suka cika mata ƙirji: shekara tara a ragar kwana, mutum da ƙarfinsa, saboda ruwan da aka kulle masa ƙarƙashin ƙafa kuma ba wanda ya yarda ya duba, har ita.

Ta sunkuya ta kan bangon baya, ta shafa shuɗayen haruffan da tafin hannunta mai kumburi.

"Papá," ta ce, "ba tsufa ka yi ba. Ruwa kake ja."

Ta share fuska da gefen riga. Can baya ƙarar injuna ta fara matsowa. Ta jawo bokitin ƙaguwa, ta ɗaura ta farko a zare, ta jefa.